Gefen Shafin Umma

Jama'a, daren jiya na yi mafarkin da har yanzu ya ƙi sakina, don Allah ku taya ni dubawa.

Sai na fara ba ku tushen maganar. Ummata malamar firamare ce da ta yi ritaya. Ta rubuta littafin koya wa yara karatu, ni nake tsara mata shi a kwamfuta. Duk babin da na gama sai in fitar mata a takarda, ta bi gefen shafi da jan biro. Umma fa ba ta ɗaga ƙafa, ko waƙafi ne ya kauce sai ta zagaye shi ta rubuta "Sake!" Shi ya sa nake bar mata gefe mai faɗi. Muna tsakiyar aikin ɓarin jikinta ya shanye, hannun dama ya daina ɗaguwa. Da na ci gaba ni kaɗai, sai na matse gefen shafukan daga nan har ƙarshe. Wa zai yi rubutu a wurin? Ga shi maɗaba'a na jiran littafin ranar Litinin.

To, a mafarkin sai ga ni ina tafiya a cikin littafin. Gefen shafi ya zama lungu, fari fat, mai faɗi, har mai kurar ruwa ya wuce ni bai ce in kauce ba. Bangon duk jan rubutun Umma ne. Ina cikin tafiya sai kawai lungun ya fara tsukewa, har kafaɗuna suna gogar bango. Wani mutum da wuƙar yankan takarda ya tare ni ya ce, "Hajiya, daga nan babu hanya." Na ce wane marar imani ne ya toshe? Hannuna kawai ya kalla. Ashe linzamin kwamfuta nake riƙe da shi.

Sai kawai na gan ni a tsohon ajin Umma. Babu yara, haruffa ne zaune a kan benci a cunkushe, suna ta gumi. A bayan bango na ji muryarta garau, irin ta da: "Binta, ta ina zan wuce?"

Wallahi kuka ya zo mini. Na jingina bayana da bangon na tura, sai na ji shi da laushi kamar ƙullun ƙosai. Yana matsawa komai ya rikice. Layuka suka zube shafi na gaba, lambobin shafi suka watse kamar kaji, akuyar da ke hoton babin baya ta tsallako tana cin kan magana. Aikin da na sha wahala a kansa ya wargaje, ni kuwa sai dariya nake yi.

Sai ga Umma ta taho ta cikin farin wurin, a hankali, ba mai riƙe da ita. Jan biron yana hannunta na hagu. Ta tsaya ta yi rubutu a bango, a karkace, manya-manya kamar na ɗan aji ɗaya. Na ce, "Umma, me kika rubuta?" Ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Ƙara mini wuri kaɗan."

Ina cikin turawa na farka. Gari ya waye, ina jin ƙarar cokali daga ɗakinta. Na leƙa, sai na ga tana juya kokonta da hannun hagu, rabi ya zube a faranti, ta kuma hana ƙanwata ta karɓa.

Tun safe nake zaune gaban kwamfutar, ga jan bironta a gefena, raina cike da tsoro da murna. Masu sani, mene ne fassarar wannan? In buɗe gefen, in ce wa maɗaba'a su jira, in kai mata biron?