Kududdufin Baba da sanyin Jos

Shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Idi. Ina rubuta wannan ne daga Al Khabaisi a Dubai, inda nake aiki a wani ofishin kago, wato na jigilar kaya.

Bayan ya yi ritaya daga koyarwa, Baba ya haƙa kududdufi a lambun bayan gidanmu na Jos, ya zuba karfasa. Kifi ne da ba ya jure sanyi, sanyin Jos kuwa ba ya wasa. Duk watan Nuwamba ni nake shiga ruwan in kwashe laka da ruɓaɓɓen ganye, shi yana bakin kududdufin yana kafa gora, sannan mu rufe da leda mai kauri. Daga ranar sai ya rage wa kifayen abinci.

A 2017 ya kira ni. "Auwalu, sanyi ya kusa. Za ka samu zuwa?"

Na ce, "Baba, kwantena sun yi yawa, sai Janairu in sha Allah. A sa wani ya yi."

Ya ce, "To, Allah ya taimaka."

Bai sa kowa ba. Da kansa ya shiga ruwan, yana da shekara saba'in da ɗoriya. Mura ta kama shi, ta sauka a ƙirji, kafin Disamba ya ƙare an yi jana'izarsa. Ranar sadakar uku na iso.

Na san kwana ne ya ƙare. Amma duk lokacin da iskar Dubai ta ɗan yi sanyi, abokan aiki suka fito da rigunan sanyi, sai in tuna da kiran nan nasa. Da Baba zai ga wannan da muke kira sanyi, dariya zai yi. Abin da ban sani ba shi ne me zai ce game da ɗan da har yau bai sake komawa gida ba.

Kududdufin yana nan. Ashe maƙwabta da dama daga wurinsa suka samu 'ya'yan kifi suka fara nasu kiwon. Inna ta ce kowace shekara sai su zo da gora da leda, ba tare da an kira su ba, su yi aikin su tafi. In na buga waya in yi godiya, sai su ce, "Haba, Malam ai namu ne."

Babu wanda ya taɓa cewa laifina ne. Wani lokaci nakan so a ce wani ya faɗa.