Kawu Altine da Inuwar Ƙarfen Sabis

Duk wanda ya san Kawu Altine, ladanin masallacinmu na nan gefen Danchadi, ya san ba ya kiran salla sai ya je ya dubi inuwa. Da can inuwar wata giginya yake bi. Da iska ta kayar da ita, sai ya koma wa ƙarfen sabis ɗin da kamfanin waya ya kafa a bayan masallaci. Ya jera duwatsu a ƙasa, na azahar daban, na la'asar daban, yana matsar da su rani da damina. Kaiconka in akuyarka ta ture ɗaya.

Na taɓa sayo masa agogo daga Sakkwato. Ya yi godiya, ya sa albarka, ya rufe shi a gwangwani wai kada ya tsufa. Na ce to, Kawu, ranar da hadari ya rufe rana fa?

Ya ce, "Ran nan ni kan leƙa wayar Liman. Amma ban ce na yarda da ita ba."

Sai ga labari kamfani na neman izinin ƙara wa ƙarfen tsawo, don sabis ya kai har wajen Shagari. Hukuma ta turo ma'aikata su ji ra'ayin jama'a kafin a amince. Muka taru a ƙofar maigari. Wani ya tambaya ko ƙarfen ba zai faɗo kan gidaje ba, wani kuma ko zai jawo tsawa, aka amsa musu. Can Kawu ya miƙe, ni kuwa na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, in kunka ƙara mai tsawo, inuwa ta wuce duwatsuna. Wa za shi ɗaukar alhakin la'asar ta mutanen garin ga?"

Aka bushe da dariya, ban da shugaban ma'aikatan. Bawan Allah ya rubuta koken tsaf, ya karanta masa mita nawa za a ƙara. Kawu ya ce shi bai san mita ba, ƙafarsa ya sani.

Izini ya fito bayan wata biyu. Ranar da aka sauke ƙarafan, Kawu ya hana a ɗaga ko ɗaya sai da aka jera su a ƙasa. Ya tuɓe takalmi ya bi su, dunduniya na taɓa yatsa, injiniya na tsaye da ma'aikatansa cikin rana. Lissafi ya ɓace masa a tsakiya, ya koma farko. Daga nan ya kwashi duwatsunsa ya tura su har cikin gonar albasar maƙwabci.

Washegarin gama aiki, rabin gari ya fito kallo. Inuwa na taɓa dutse Kawu ya ɗaga murya, a daidai lokacin wayar Liman ta ɗauki kiran salla daga aljihu. Da aka idar, Kawu ya dafa kafaɗar Liman.

Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, wayar taka ta yi ƙoƙari yau."

Mun yi dariyarsa shekara da shekaru, amma bai taɓa sa mu makara ba. Ranar da muka kai shi makwanci, muka dawo muka zauna a ƙofar masallaci. Rana ta yi sanyi sosai kafin wani ya farga ba a kira la'asar ba. Ashe duk shi muke jira. A nan kuka ya ƙwace mini.

Allah ya jiƙan Kawu Altine, ya haskaka kabarinsa, ya tashe shi cikin ladanan da ya yarda da su.