Makullin ɗakin kakana a Parakou

Shekarun baya, a shekarar da na kammala jami'a na samu aiki a garinmu Djougou, na ƙudiri niyyar kai mahaifina da mahaifiyata hutun mako guda a Parakou. Mahaifina ya je garin sau ba adadi, amma kullum da kaya a gaba da sauri a ƙafa. Na so ko sau ɗaya ya je don hutawa kawai, mahaifiyata kuma ta zaga kasuwar Arzeke ta zaɓi atamfa babu mai jiran ta a tasha.

Kakannina fataken goro ne, kuma bafatake ba ya sauka inda ya ga dama. Yana da mai masauki a kowane gari, ana gadon zumuncin daga uba zuwa ɗa. Namu na Parakou wani dattijo ne da muke kira Baba. A gidansa akwai ɗakin da kakana ya riƙa sauka, makullin ɗakin kuwa yana hannun mahaifina, ɗaure da igiyar fata a aljihun babbar rigarsa. Ni kaina a ɗakin na zauna tsawon karatuna, ban taɓa biyan ko dala ba. Na san tabarmarsa, na san zafinsa, na san jiran da ake yi a ƙofar banɗaki da safe. Da digiri ya hau mini kai, sai na ga iyayena sun wuce wannan.

A wani shafin sada zumunta na ga talla da hotunan wani gidan haya na 'yan kwanaki: ɗakuna biyu da falo, da na'urar sanyaya ɗaki, da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Na kira lambar. Mutumin ya fara da Faransanci, da ya gane ni Bahaushe ne sai ya juya zuwa Hausa mai tsabta, ya gaishe ni a nitse, ya tambayi lafiyar iyaye. Ni kuwa kyakkyawar Hausa takan saye ni nan take, kuma har yau ban warke ba. Ya ce aiki ya riƙe shi a Kotonu, ƙanensa ne zai miƙa mana makulli, sannan akwai wasu masu neman gidan, don haka in tura kuɗin makon gaba ɗaya ta waya.

Abokina na wurin aiki ya gargaɗe ni kada in tura komai sai wani ya taka da ƙafarsa ya gani. Ya ce ina da gida guda na mutane a Parakou, in sa babban ɗan Baba ya hau zemijan, wato babur ɗin haya, ya duba, ba zai ɗauke shi rabin sa'a ba. Gaskiya ya faɗa. Sai dai aiken ɗan Baba yana nufin sanar da gidan cewa za mu shigo garin mu sauka a wani wuri, wannan kuwa bakina ya kasa furta shi. Na gwammace in amince da muryar da ban san fuskarta ba da in ji kunyar mutanen da suka ciyar da ni. Na tura kuɗin.

Da na gaya wa mahaifina, tambaya ɗaya ya yi, ko Baba ya sani. Na ce za mu je mu gaishe shi kashegarin isarmu. Ya ce gaisuwa daban, sauka daban. Mahaifiyata ce ta lallashe shi, ta ce kada ya karya mini gwiwa a kan albashina na farko.

Mun isa bayan azahar. Lambar mutumin a kashe. Gidan yana nan yadda aka kwatanta, har da mangwaron. Wata mata ta buɗe ƙofa, ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce gidanta ne, ba ta taɓa ba da shi haya ba. Hotunan tun na lokacin da aka sa shi a kasuwa ne kafin su saya, kuma ba mu ne na farko da muka zo da jakunkuna ba. Ta kawo mana ruwa. Mahaifina ya durƙusa a gefen kaya ya sha, bai dube ni ba.

Babu inda za mu nufa sai gidan Baba. Mun same shi a zaure bayan la'asar. Ya yi murna, sannan ya tambayi abin da ya tsayar da mu, tunda motar Djougou ta shigo tun azahar. Na riga na shirya ƙaryar facin taya, amma mahaifina ya riga ni magana. Ya faɗi komai, sai dai bai ambace ni ba, cewa ya yi mun nemi wani masauki.

Baba ya gama jin bayaninsa. Da ya juyo, ni ya duba.

“Ɗana, da ka ce in je in duba maka gidan, da na je da kaina. Ko da ba wurina za ku sauka ba.”

Ya sa aka share ɗakin, aka kawo abinci kamar kullum, ba a rage mana komai ba. Na kai ƙara komisariya, wato ofishin 'yan sanda, aka rubuta, shi ke nan. Kwana uku muka yi maimakon bakwai, mahaifiyata ba ta ko leƙa kasuwa ba. Ranar tafiya, mahaifina ya kwance makullin daga igiyarsa ya ajiye a gaban Baba.

“Yaya, wanda ya wuce ƙofa bai kamata ya riƙe makullinta ba.”

Na tsaya ina jiran Baba ya turo masa shi. Ya dube shi kawai, ya tura shi ƙarƙashin buzunsa, ya yi mana addu'ar sauka lafiya.

Kuɗin na daɗe da mantawa da zafinsu. Abin da na koya shi ne, gidan da babu wani naka da ya tsaya a ƙofarsa hoto ne kawai, komai daɗin bakin mai tallarsa. Idan kuma ka ji kana ɓoye wa naka inda za ka sauka, to ka riga ka raba kanka da masu iya ceton ka, macuci kuwa irin wannan mutumin yake nema.

Baba ya rasu bayan shekara biyu. Mun je ta'aziyya muka juyo a ranar. Kwanakin baya ina duba waya sai na ci karo da talla: ɗaki ɗaya a Parakou, sabon fenti, ga farashin kwana a ƙasa. Na gane tagar, na gane ƙusar da nake rataye jakar makaranta. 'Ya'yan Baba ne suka sa shi haya. Wannan tallar kam gaskiya ce, ina iya rantsuwa a kanta. Ban nuna wa mahaifina ba. Igiyar fatar tana nan a aljihunsa har yau, babu komai a jikinta.