Ƙwaryoyin Halliru Kuku

A Garwa, zamanin Jamus, an yi wani kuku mai suna Halliru. Gajere ne, baki kuwa kamar a kasuwa aka haife shi. Yana dafa wa wani Bature ɗan kasuwa abinci a bakin Binuwai, Baturen da ko gishiri ba a zuba masa sai an ɗora a sikeli, allura ta tsaya daidai kan lambarta.

Sai yanar ido ta fara rufe wa Halliru gani. Tukunya yana ganinta, wuta ma haka, amma allurar nan sai ta riƙa yi masa rawa. Ya san ranar da Bature ya gane, sallama ce. Kuma babu wanda zai nemi taimakonsa a gidan, don kowa yana da ɗan'uwa mai jiran aikin kuku.

Matarsa Kaltouma kaɗai ya faɗa wa.

"To sai mu koma Pitowa mu yi noma, Maigida," in ji ta.

"Ni da fartanya? So kike dawa ta yi mini dariya? Samo mini duma, manya da ƙanana."

Tun ido na da sauran ƙarfi ya shiga aiki. Ya auna shinkafa a sikeli, ya juye a ƙwarya, ya yi ta fere bakinta da wuƙa har awon ya zo cif da baki. Gari da tasa ƙwaryar, sukari da tasa, mai da ludayinsa. Kowacce ya yi mata tsaga a gindi yadda yatsa zai gane ta. Sikeli kuma ya ci gaba da ƙwanƙwasa shi, don a ji ƙara daga falo.

Abu ɗaya ya rage, madarar kwakwa. Baturen nan ya daɗe a bakin teku, a can ya koyi cin shinkafa da ita, kuma in ta yi yawa ko ta gaza, loma ɗaya yake ganewa. Ga shi kwakwa ba ta zuwa Garwa sai kogi ya cika, jirage sun hauro. Kafin jirgin farko ya yi kuka a mashigi, allura ta ɓace wa Halliru gaba ɗaya.

Ya fasa kwakwa, ya kankare, ya matse, ya tace. Sannan ya tsaya a ƙofar kicin ya ɗaga murya.

"Ranka ya daɗe! Sikelin nan naka ya fara ƙarya!"

Bature ya fito, kunnuwa jawur. Da ka zagi sikelinsa gara ka zagi gyatumarsa.

"Ƙarya? Daga ƙasarmu aka kawo shi!"

"To damina ta shige shi. Ni dai na daina yarda da shi."

"Matsa can!"

Bature ya karɓe kwanon madarar, ya riƙa tsiyaya ta a sikeli da hannunsa yana lumshe ido ɗaya, har allura ta zauna inda yake so.

"Duba! Ina ƙaryar?"

Halliru ya sunkuya ya ƙura wa hazo ido, ya girgiza kai.

"Wallahi gaskiyarsa. Sikeli, ka yafe mini, tsufa ne."

Bature na juya baya, Halliru ya juye madarar a sabuwar ƙwarya, ya tsoma babban yatsa ya ji inda ta tsaya, ya karta da farce. Da yamma a gida ya zauna yana fere ta, Kaltouma na dariya har da riƙe ciki.

"Kai ko tsoron Allah ba ka yi? Baturen ka sa aiki!"

"Ai ya iya. Da yana nema, da na ɗauke shi mataimaki."

Halliru bai bar kicin ɗin ba sai da yaƙi ya zo, Jamusawa suka bar Garwa. Har Baturen ya tafi yana gaya wa baƙinsa cewa a duk Adamawa kukunsa ne kaɗai ke girmama sikeli.