Ranar da Katina Ya Suma a Kasuwar Shanu ta Tsafe

Ko da zan manta da duk ayyukan da na yi a shagona na tace bidiyo da ke Sabon Gari a Gusau, ba zan manta da ranar da na bi wani dillalin shanu zuwa Tsafe ba.

A lokacin ina aiki da wata manhajar sarrafa bidiyo wadda ba ta da mai ita. A buɗe take, kowa yana iya leƙa cikinta ya gyara, ya aika wa masu kula da ita su duba. Kwamfutata kuwa tana da katin hoto mai ƙarfi, wato wata na'ura a cikinta da ke matse bidiyo da sauri, abin da ƙwaƙwalwar kwamfutar za ta daɗe tana fama da shi. Sai na zauna na rubuta wani sashe da zai sa manhajar ta nemo irin wannan kati da kanta, ta miƙa masa aikin. Na aika ina jiran yabo.

Wata mata daga cikin masu kula da manhajar, wadda ban san ko ƙasarta ba, ta amsa da tambaya ɗaya. Idan katin ya ɓace ana tsakiyar aiki fa? Na ce a raina, kati ba akuya ba ne da zai tsinke igiya. Ta dage cewa sai na ƙara wani sashe da zai lura idan katin ya daina amsawa, ya karɓe aikin, ya mayar wa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ci gaba a hankali. Na rubuta shi ina tsaki. Da aka karɓi aikin, duk wanda ya shigo shago sai na ba shi labarin sashen sauri. Na biyun ko ambatonsa ba na yi.

Cikin waɗanda suka sha wannan labari har da wani Alhaji, dillalin shanu daga Bungudu. Masu sayen shanunsa na kudu sun rage zuwa da ƙafarsu saboda halin hanya, sai dai su ga bidiyo su zaɓa. Wata safiya gab da Babbar Sallah ya tsaya a ƙofar shago, bai ma kashe mota ba.

"Malam, ɗauko injin nan naka mai gudu. Tsahe za mu."

A hanya ya yi mini bayani. Wasu makiyaya daga wajen Kekun Waje sun kai bijimai kasuwa, babbar mota tana jira. Mai saye ya ce ba za a loda ko ɗaya ba sai ya ga tafiyar kowane sa da idonsa. Direba kuma ya ce da la'asar zai tashi, da kaya ko babu. Idan ya tafi, sai mutanen nan su koma da dabbobinsu da yamma, ta hanyar da ba wanda yake son yamma ta same shi a kanta.

Na ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka. Kafin ka gama shan fura an gama."

Na ɗauki bidiyon bijiman ɗaya bayan ɗaya, wani dattijo cikin makiyayan yana kora su gabana da sandarsa. Bidiyon ya yi nauyin da sabis ɗin kasuwar ba zai iya ɗauka ba, dole a haɗa shi, a sa wa kowane sa lamba, a matse. Na zauna a rumfar mai cajin waya, na jona kwamfuta, na saki aiki. Layin da ke nuna ci gaba ya zabura da gudu. Mutane suka taru a bayana, ni kuwa na harɗe ƙafa ina bayani kamar ni na ƙera katin.

Bai kai rabi ba janaretan mai caji ya yi tari ya mutu. Batirin kwamfutar dama ya tsufa, da ta ji wuta ta ɗauke sai ta yi abin da aka gina ta ta yi, ta kashe babban mai cin wutar cikinta. Katin nan da na cika Gusau da labarinsa ya yi shiru. Layin ya tsaya cak.

Alhaji ya sunkuyo. "Mi ya hwaru?"

Na ƙura wa layin ido. Na san yadda irin wannan take ƙarewa a da: manhaja ta rufe, aiki ya lalace, a koma farko, batirin kuma ba zai kai ba. Mai caji ya ce mai ne ya ƙare, sai an je bakin titi. Dattijon ya ɗaga kai ya dubi rana, sannan ya dubi shanunsa.

Sai layin ya motsa. Ɗan kaɗan, kamar tafiyar tsohuwar da ta ɗauko itace. Wani ɗan rubutu ya fito a ƙasa, wanda ni na rubuta shi da hannuna ina tsaki: an rasa kati, an koma hanyar a hankali.

Na rage hasken allo, na rufe duk abin da ke buɗe, na cire hulata ina yi wa kwamfutar fifita. Direba ya zo ya tsaya a kanmu yana kaɗa makulli. Aka kira sallar la'asar, ya ce zai yi salla ya tayar da mota. Dattijon ya matso, ya tsuguna kusa da ni.

"Ɗana, yana tahiya ko?"

"Yana tafiya, Baba. A hankali."

"To, ba komi. Mu ma haka muka zo."

Aikin ya kammala batirin yana jan numfashin ƙarshe. Na tura wa wayar Alhaji, ya aika, muka yi salla a gurguje. Muna sallamewa mai saye ya kira ya ce a loda duka. Na ga dattijon yana shafa wuyan wani farin sa kafin a hau da shi, sannan suka kama hanyar gida da sauran rana.

A mota Alhaji ya dafa kafaɗata. "Gaskiya katin nan naka jarumi na. Wuta ta ɗauke, shi bai tsaya ba."

Na ce, "Alhaji, ai shi ne farkon wanda ya suma."

Ya yi dariya, ya ce in daina ƙanƙan da kai. Na sake bayani a Gusau, na sake a Bungudu da ya kai ni cin tuwo, bai ji ba. Har yau dillalai suna zuwa shagona su ce a yi musu aiki da katin da ba ya mutuwa. Sashen saurin nan kuwa, daga baya wani ya rubuta wanda ya fi shi, aka cire nawa. Wanda na rubuta ina tsaki shi ne yake nan.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, mai gudu yana da ranarsa, yabo ma nasa ne ko ya faɗi. Amma yanzu duk abin da zan dogara da shi, inji ne ko mutum, ba na fara tambayar saurinsa. Nakan tambaya, idan ya tsaya ana tsakar aiki, wa zai ɗauka ya ci gaba?