Gwangwanin Emanbi na Kaka Baiwa

Yaushe rabonka da leƙa kwallar da kakarka ke ajiya a ƙarƙashin gado? Ni sai bara na leƙa ta tawa kakar.

Sunana Ikrima, albasa nake sarowa a ƙauyuka ina kaiwa Birnin Kebbi, kuma ko buhu aka ce min ya cika sai na zazzage na gani. Kakata Baiwa tana Gulma. Ita ce ungozomar unguwarsu, ita ce kuma mai wankan gawar mata. Tana da ƙuruciya aka yi shekarar sanƙarau, wuyan ɗanta na fari, Hammadu, wato mahaifina, ya sandare. Mijinta Labbo masunci ya ɗauki yaron a kafaɗa har asibitin Argungu, aka ba su farar ƙwaya da ake kira Emanbi. Yaran maƙwabta aka binne su, Hammadu ya tashi. 'Yan ƙwayoyin da suka rage Baiwa ta zuba a gwangwanin shayi, kuma tun ranar take ganin zubar da magani butulci ne ga Allah. Idan ta gama wankan gawa aka miƙo mata zane da sabulu kamar yadda aka saba, sai ta ce a haɗa mata da ragowar maganin mamaciyar. Babu wanda ya taɓa tambayar me take yi da shi.

Lokacin girbin shinkafa na je Gulma da 'yata Rauda mai shekara uku. Da safe jikinta da ɗan zafi, na bar ta wurin Kaka na tafi fadama. Na dawo da azahar na tarar tana amai, ga cokali da farin gari a gefen tabarma.

"Kaka, me kika ba ta?"

"Kai maigida marowaci, ko goro ba ka riƙo ba sai tambaya? Emanbi na ba ta, rabi."

"Wane Emanbi?"

"Wanda ya tada ubanka. Na mutane daban, wanga na ajiye shi don jinina."

Ta jawo gwangwanin daga cikin kwallar da ke ƙarƙashin gado. Na juye a faranti na fara warewa: ƙwaya ɗari biyu da goma sha ɗaya, iri goma sha huɗu, wasu sun yi ruwan ƙasa, wasu sun manne da juna. Tana nunawa da yatsa tana faɗin masu su. "Wanga na Tamba ne, Allah shi jiƙanta, hawan jini. Wanga na Hauwa'u matar liman." Duk matattu. Ashe shekara sittin da wani abu ke nan unguwa guda na karɓar wannan a hannunta suna sha in kai ya yi ciwo.

Na saɓa Rauda, na kwashi farantin da cokalin da gwangwanin, muka hau babur har da Kaka sai asibitin Argungu. Likitar da ta karɓe mu ta ɗauki ragowar rabin ta juya shi a haske, ta kira mai ba da magani, suka tsaya suna kallon faranti kamar an tono kabari. Ta ce ita a littafi kawai ta san Emanbi. Da can shi ake ba masu sanƙarau da ciwon huhu, ya ceci mutane da yawa, amma yana sa amai, yana kuma daskarewa a ƙoda ya toshe fitsari, shi ya sa aka bar shi da aka sami mafi sauƙi. Wata rawayar ƙwaya a farantin ta ce ta zazzaɓin sauro ce ta zamanin Turawa, wadda ke mayar da fata ruwan ɗorawa. Wata farar kuma ta ciwon kai ce da aka janye saboda tana cin ƙoda.

Aka sa wa Rauda ƙarin ruwa. Likita ta ce abu ɗaya muke jira, fitsari. Leda ta farko ta ƙare, shiru. Ta biyu ta ƙare, shiru. Kaka tana zaune a ƙasa riƙe da ƙafar yarinyar, bakinta na motsi. Ana tsakiyar ta uku, bayan isha'i, Rauda ta jiƙa zanen Kaka sharkaf. Tsohuwar ta dubi zanen, ta dubi likita.

"Ɗiyata, ashe magani ma shina mutuwa?"

"Yana mutuwa, Inna, wani ma ya tafi da mutum."

Da hannunta ta tura farantin gaban likita. Gwangwanin kaɗai ta ce a mayar mata, don Labbo ne ya sayo shi. Yanzu allura da zare ke ciki. Watan jiya ta yi wankan gawa a wani gida, aka miƙo mata ledar magani don an san halinta, ta ce a kai asibiti a ƙona.

Wannan makon in ka je gaishe da tsohuwarku, riƙe mata goro, ka roƙe ta ta buɗe maka kwallar. Juye a faranti, ware, ƙirga, ka kai wa mai ba da magani ya duba.