Tukunya ta ukun da Ruƙayya ta bari

Shekara bakwai ke nan da rasuwar 'yata Ruƙayya, Allah Ya jiƙanta. Farkon zafi ne, irin zafin Jidda da ko an yi wanka gumi ba ya daina tsiyaya. Shekarar kuwa tun farkonta ba ta zo da sauƙi ba. Iƙamar mahaifinta, wato takardar izinin zama, ta maƙale, ni ga ciwon gwiwa, ita kuma yau asibiti gobe gida. Har yanzu in na tuna, gajiya nake fara ji kafin hawaye.

Ruƙayya ta yi aiki a mashtal, wato inda ake sayar da shuke-shuke. A can wata mata ta ba ta irin wani fure, wai a Amurka a daji yake fitowa, babu mai shuka shi. Ta zuba a tukwane uku a saman benenmu na unguwar Ammariyya. Na ce mata, "Abin da ba ya shiga miya, me za a yi da shi?" Ta yi dariya ta ce, "Ummi, ke komai sai miya. Ido ma yana da haƙƙi."

Shekarar farko ganye kawai ya yi. Ta kama yatsana ta goga a kai don in riƙa gane shi cikin ciyawa: dogo ne, mai kaushi kamar harshen kyanwa. Shekara ta biyu ya yi fure ruwan hoda, gefensa ya sunkuya ƙasa, tsakiyarsa ta taso da ƙaya-ƙaya kamar bayan bushiya. Sau ɗaya ta gan shi.

Bayan kwana arba'in da rasuwarta na hau sama na tarar duk ukun sun bushe ƙayau. Mu da muka tashi a gona, abin da ya bushe tugewa ake yi, a ba wani wuri. Na tuge biyu na zuba yakuwa. Na ukun gwiwa ce ta hana ni, na ce sai gobe, goben ba ta zo ba. Da sanyi ya shigo sai ga ganyen nan mai kaushi ya leƙo. Ashe kan ne ke mutuwa, saiwar tana nan da ranta. Rashin sani ya fi dare duhu. Na zauna a ƙasa, na daɗe ban iya tashi ba.

Nakan ce ko me za ta ce da ta ga yau. Ƙawayenta suna tuƙa mota, abin da a da aka hana mata a nan. Ƙaninta Abdallah ya ɗauki hoton furen, nan take waya ta kawo sunansa, sunan da karatuna na yaƙi da jahilci ya kasa haɗa baƙaƙensa. Ƙila ta yi murna. Ƙila kuma ta ce ai waya ba ta taɓa ganye ba.

Yanzu furen ya gaji kamar ni. Bara biyu kacal ya fitar, bana ko ganyen ƙanana ne. Maƙwabciyata Hajiya Batulu, Bahaushiyar Sudan, ta duba ta ce saiwa ce ta cika tukunya, sai an tono an raba ta da wuƙa. Na ce, "Na kashe biyu, Hajiya. Ba zan sa wa na ukun wuƙa ba." Ta ce, "Halas, shi ke nan, Yaya, bar shi. Amma in ya mutu a haka ma ke ce, sai dai a hankali." Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Wata biyu ina juya maganar.

Da lissafin watanmu, bana ranar rasuwarta ta zagayo cikin sauran sanyi. Muka yi mata addu'a, da la'asar na buɗe akwatinta. Turarenta ya ƙafe a kwalba, littafinta ya yi ɗigon laima. Muryarta ma ta fara kuɓuce mini. Amma abayoyinta da na bayar, har yau ina haɗuwa da su a hanyar masallaci, a jikin mutane, suna tafiya.

Washegari bayan asuba na hau sama da wuƙar yanka albasa. Na yi bismillah, na juye tukunyar, na raba saiwar biyu. Rabi na mayar cikin sabuwar ƙasa, rabi na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, na sauka a hankali na ƙwanƙwasa wa Hajiya Batulu ƙofa.